Faɗuwar daulolin Musulunci: a fara duba baitulmali

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi tsokaci kan wata tambaya da ake yawan yi a majalisun karatu da wuraren wa'azi a nan Legas, daga Agege har Idi-Araba da Mile 12, ana kuma ta yawo da ita a WhatsApp: me ya rusa daulolin Musulunci? Amsar da aka saba ji ita ce Musulmi sun yi sakaci da addini, ko kuma maƙiya ne suka ƙulla makirci. Ba na musun ko ɗaya daga ciki. Sai dai mai sauraro yakan tashi bai san ta ina ɓarnar ta shigo ba, bai kuma san wane mataki ne ya haifi wane ba. A ganina tambayar da ta fi amfani ita ce: daga ina baitulmali yake samun kuɗi, kuma ta yaya ake biyan soja?

Mu ɗauki Abbasiyawa. Kowa ya haddace 1258, shekarar da Hulagu, jagoran rundunar Mongol, ya shiga Bagadaza ya kashe Halifa Musta'asim. Amma abin da Hulagu ya tarar a hannun halifa bai wuce Iraƙi ba. Babbar daular ta riga ta watse shekara ɗari uku kafin zuwansa.

Ƙarfin Abbasiyawa yana cikin ƙasar noma ta kudancin Iraƙi da ake kira Sawad, wadda kogunan Dijla da Furatu suke shayarwa. Ba damina ke noma wannan ƙasa ba, ban-ruwa ne ta manyan magudanai. Irin wannan noma yana da sharuɗɗa. Dole a yashe laka daga magudanai a kai a kai, a gyara madatsai bayan ambaliya, kuma a yi wa ruwan da ya gama aiki a gona hanyar fita. In aka bar shi ya kwanta, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, rana ta busar da shi, gishiri ya rage fari fat a kan gona. Alkama ce take fara ƙi, a koma sha'ir don ya fi jure gishiri, daga baya shi ma ya ƙi. Wannan aiki ya fi ƙarfin manomi ɗaya ko ƙauye ɗaya. Aikin hukuma ne, da injiniyoyinta da ma'aunan gonakinta da kuɗinta.

Bayan yaƙin Amin da Ma'amun, 'ya'yan Haruna Rashid, daga 811 zuwa 813, ƙaninsu Mu'utasim ya gina rundunarsa da bayi Turkawa da aka sayo daga tsakiyar Asiya, ya kuma gina musu sabon birni, Samarra, a 836. Waɗannan sojoji ba su da gona, ba su da sana'a, ba su da dangi a ƙasar. Albashi kawai suka sani, kuma tsabar kuɗi. Muddin yana zuwa kan lokaci, babu rundunar da ta kai su biyayya. Ran da ya fara jinkiri sai labari ya sha bamban. A 861 suka kashe Halifa Mutawakkil. Cikin shekara tara da suka biyo baya halifofi huɗu suka hau, uku daga ciki kashe su aka yi, kuma Mu'utazz laifinsa shi ne ya kasa biyan albashi.

Ana cikin wannan rikici gwamnoni suka daina aiko da haraji. Ahmad bn Ɗulun ya riƙe Masar daga 868, Ya'aƙub Saffar ya riƙe gabas. A cikin Sawad ɗin kanta bayin da aka tara suna kankare gishiri daga gonakin yankin Basra suka yi tawaye a 869, wanda ake kira tawayen Zanj. Sun ƙone Basra a 871, ba a gama da su ba sai 883. Masana tarihi suna kiyasta harajin Sawad a farkon zamani da kusan dirhami miliyan 100 a shekara. A lissafin da waziri Ali bn Isa ya yi a 918, bai kai kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. A 937 kuma Ibn Ra'iƙ, babban kwamandan halifa da kansa, ya fasa magudanar Nahrawan don ruwa ya tare wa abokin hamayyarsa hanya. Gonakin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana ci daga gare su suka koma kufai saboda yaƙin wata guda. Shekara takwas bayan haka Buwaihiyawa, wani gidan mayaƙa daga Farisa, suka shiga Bagadaza, halifa ya zama sai sunansa a huɗuba da kan tsabar kuɗi.

Dabarar da aka koma wa da kuɗi ya ƙare ita ce ta fi bukatar a fahimta, don ta sake bayyana a kusan kowace daula da wani suna. Larabawa suna ce mata iƙɗa'i. Ana ce wa hafsan soja: babu albashi a baitulmali, ga gunduma kaza, je ka karɓi harajinta a madadin haƙƙinka. A rana ta farko kowa ya huta. Amma daga nan ma'aikatan diwani, wato ofishin haraji, sun daina zuwa aunon gonaki, don babu abin da za su karɓo, sai littattafan haraji su tsufa, hukuma ta daina sanin abin da ƙasarta take bayarwa. Shi kuwa hafsan, in ya san za a iya ɗauke shi gobe, ba zai kashe ko dirhami wajen yasar magudana ba. Zai tatse manoma har su gudu, ya dawo ya ce gundumar ta lalace a ba shi wata. Masanin tarihi Miskawaihi, wanda ya yi wa Buwaihiyawa aiki, ya bayyana wannan ɓarna da idon wanda ya gani. In kuma aka bar masa gundumar har ya gadar wa ɗansa, to zai kula da ita, amma ya zama ƙaramin sarki mai sojansa da harajinsa, ba ya bukatar halifa. Gaba kura, baya sayaki.

Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya lura da abin da ke biyo baya: a farkon daula haraji kaɗan ne amma abin da ake tarawa da yawa, a ƙarshenta kuwa haraji ya yi yawa abin da ake tarawa ya ragu. Dalilin a fili yake. Fada ta girma, soja ya ƙaru, sai a ƙirƙiro sababbin kuɗaɗe a kasuwa da ƙofar gari da kan hanya. Manomi da ɗan kasuwa su ga wahalarsu ba ta komawa aljihunsu, su rage aiki ko su ƙaura, a sake ƙara wa waɗanda suka rage. Maganar da ake jingina wa Shehu Usmanu, cewa mulki yana iya ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci, ga yadda take aiki a ƙasa ke nan. Masu cewa an bar addini suna da gaskiya, amma ya kamata su nuna wa almajiransu a wane ofishi aka bar shi.

Daular Mugal ta Indiya ta san wannan haɗari, ta yi ƙoƙarin kauce masa. Tun zamanin Akbar kowane babban ma'aikaci yana da daraja ta lamba, wadda ta ƙayyade albashinsa da yawan dawakin da zai riƙe. Ana ba shi jagir, wato yankin da zai karɓi haraji, amma bayan shekara uku ko huɗu a sauya masa wuri don kada ya yi saiwa. Har tambarin wuta ake buga wa dawaki, saboda kada mutum ya aro dokin wani ranar duba runduna. Tsarin ya hana gwamnoni zama sarakuna na tsawon lokaci, amma ya bar manomi a hannun baƙon da ya san kwanansa kaɗan ne. Da Aurangzeb ya tare a kudu yana yaƙi daga 1681 har rasuwarsa a 1707, sai ya riƙa saye manyan yankin da muƙamai. Masu jiran jagir suka fi ƙasar da za a raba yawa. Abin da aka rubuta a takarda cewa gunduma tana bayarwa ya yi nisa da abin da ake samu a zahiri, sai hafsoshi suka rage dawaki a ɓoye. Runduna ta cika a littafi, a fili kuwa da saura. Bayansa Bengal da Awad da Haidarabad suka kama gabansu, Nadir Shah na Farisa ya washe Delhi a 1739.

Ku dubi yadda Turawan Ingila suka shiga. A yaƙin Palashi na 1757 mutanen kamfaninsu na ciniki, East India Company, kusan 3,000 ne, rundunar Siraj Daula mai mulkin Bengal ta ninka su fiye da sau goma. Amma an riga an gama ciniki da kwamandansa Mir Ja'afar, da hannun manyan masu ba da rance na Bengal, sai ya tsaya da mutanensa yana kallo. A 1765 Sarkin Mugal Shah Alam na Biyu ya miƙa wa kamfanin ikon karɓar harajin Bengal da Bihar da Orisa, a kan za a riƙa ba shi rupi miliyan 2.6 a shekara. Daga ranar nan, da harajin Indiya kamfanin yake biyan sojojin Indiya suna ci masa sauran Indiya.

Daular Usmaniyya ta Turkiyya sai an yi mata adalci, don ta yi shekara ɗari shida, kuma ta sha farfaɗowa bayan an ɗauka ta gama. Duk da haka hanyar kuɗin ce ta kai ta ƙasa. Da farko mahaya dawaki ne ƙarfinta, kowanne da timar ɗinsa, ƙauyukan da yake ci a kan ya fito yaƙi in an kira. A ƙarshen ƙarni na 16 yaƙi ya koma na dakaru masu bindiga, su kuwa albashi ake biyansu. Sojojin Janisari, wato dakarun sarki masu cin albashi, waɗanda ba su wuce dubu goma sha 'yan kai ba a tsakiyar ƙarnin, sun haura 37,000 a 1609. Gwamnati ta rage azurfar da ke cikin kuɗinta wajen 1585, sojoji suka ga abin da aka biya su ba ya sayen abin da ya saba saye, suka yi bore a 1589. Don a sami tsabar kuɗi da wuri sai aka riƙa mai da timar zuwa iltizami: a yi gwanjon harajin gunduma na shekara ɗaya zuwa uku, wanda ya fi tayi ya biya kafin lokaci, yawanci da bashin masu canji na Santambul, sannan ya je ya fanshe. Mai karatu a Legas ya san irin wannan a kasuwa ko tasha da aka ba wani kwangilar karɓar kuɗin shiga: shi ma ya sayar wa na ƙasa da shi, kowa ya ɗora ribarsa, mai tebur ya biya tikiti uku, abin da ya isa asusun hukuma kuwa kaɗan ne. A 1695 aka mai da kwangilar ta tsawon rai, da fatan mai riƙe da ita zai tausaya wa manoma. An sami kuɗi a hannu, amma an sayar da harajin gobe, kuma manyan gidajen larduna suka yi ƙarfin da sarki sai ya lallashe su.

Ƙarshen hanyar bashi ne. Rancen farko daga Turai an ci shi a 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, fam miliyan 3. Kafin shekara ashirin da ɗaya bashin ya kai wajen fam miliyan 200 a takarda, alhali abin da ya shigo hannu bai fi rabi da 'yan kai ba, saboda ana sayar da takardun bashin ƙasa da darajarsu, ga ladan dillalai. A 1875 gwamnati ta ce ba za ta iya biya cikakke ba. A 1881 aka kafa hukumar masu bin bashi a Santambul, ta karɓe kuɗin gishiri da taba da barasa da hatimi da siliki da kamun kifi, da ma'aikatanta na kanta. Tunisiya ta bi wannan hanya, hukumar bashi a 1869, sojan Faransa a 1881. Masar ma haka: Isma'il Basha ya sayar wa Ingila hannun jarinsa na mashigin Suwes a 1875 kan fam miliyan 4, hukumar bashi ta zo a 1876, sojan Ingila a 1882. Soke halifancin Usmaniyya da aka yi a Maris 1924, wanda ake ta kuka a kansa, ya zo ne shekara arba'in da uku bayan an miƙa makullin baitulmali ga masu bin bashi.

Abu na biyu da ba a cika faɗa ba shi ne gadon sarauta. Yawancin daulolin nan ba su da ƙa'ida tsayayya kan wanda zai gaji sarki, saboda haka kowace rasuwa ƙofar yaƙi ce, kuma kowane ɗan sarki sai ya sayi soja da alkawarin kuɗin da babu. Turkawa sun gwada kisa: Muhammadu na Uku ya sa an shaƙe 'yan'uwansa 19 da ya hau a 1595. Da abin ya yi muni sai aka koma kulle 'ya'yan sarki a wani sashe na fada, har Sulaimanu na Biyu ya yi kusan shekara arba'in a kulle kafin a fito da shi a 1687 a ce ya ja ragamar daula tana tsakiyar yaƙi.

A Andalus, wato ƙasar Musulmi ta Sifen, rikicin da ya ɓarke a 1009 ya kai ga soke halifancin Ƙurɗuba a 1031, ƙasar ta tsattsage zuwa ƙananan masarautu fiye da ashirin. Da yawansu suna biyan sarakunan Kirista na arewa zinariya duk shekara don su kare su daga maƙwabtansu Musulmi. Don a tara zinariyar sai a ɗora wa talakawa harajin da shari'a ba ta sani ba, wannan zinariyar kuma ita ta riƙe rundunar da ta ci Toledo a 1085. Garnaɗa ma, kafin ta faɗi a Janairu 1492, sarkinta na ƙarshe ya yi shekaru yana yaƙi da mahaifinsa da kuma baffansa.

Nan kusa da mu, Songai ta sha yaƙin basasa a 1588 tsakanin Askiya Is'haƙa na Biyu da Balama Sadiƙ, aka rasa manyan mayaƙan yammacin ƙasar. Shekara uku bayan haka Judar Basha ya iso daga Maroko, bayan ya taso da mutum kusan 4,000 ya ratso Sahara. A Tondibi, cikin Maris 1591, Songai ta fi su yawa nesa ba kusa ba. Suka koro garken shanu gaba don su tarwatsa sahun abokan gaba, ƙarar bindiga ta firgita shanun suka juyo kan masu su. A nan dole a yarda makami ya yi aiki. Amma Borno a zamanin Mai Idris Alauma, a daidai wannan lokaci, ta riga ta samo bindigogi da masu koyar da harbi daga Turkawa. Ashe hanyar samu tana nan, fadar Songai da ke Gao ce hankalinta yake kan rigimar gida.

Daular Sakkwato ba ta tsira daga waɗannan ba, ko da yake mun fi son a tsaya a kan Gwamna Lugga da bindigarsa mai ruwa. Tun ana cikin jihadi Malam Abdullahi na Gwandu ya koka da yadda mutane suka karkata ga neman mulki da tara dukiya, har ya bar rundunar ya nufi gabas, ya tsaya a Kano. A ƙarshen ƙarnin hakimai da yawa suna zaune a birni, jakadu ne ke zuwa ƙauyuka karɓo kuɗin ƙasa, kowane hannu da rabonsa. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fice Takai. Aliyu Babba, ɗaya daga cikinsu, ya ci birnin a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Masarautar da ta fi kowace arziki a daular ta yaƙi kanta, ta kuma naɗa sarki ba da zaɓin Sakkwato ba. Bida da Ilorin sun faɗi hannun Turawa a 1897 kowacce ita kaɗai. Kano ta faɗi a Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a Yuli.

Wani ɓangare na wannan labari a Legas aka rubuta shi, shi ya sa nake ganin mu mazauna nan mun fi kowa cancantar saninsa. Kuɗin ƙasar Hausa a lokacin wuri ne. Matafiyi Barth ya tarar ana canza dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500 a Kano a 1851. A daidai waɗannan shekaru 'yan kasuwar Jamus suka fara jibgo wurin gabashin Afirka, mai araha, jirgi-jirgi zuwa Legas da Wida ta ƙasar Dahome. Ya bi hanyar fatake ya hau arewa, darajar wuri ta yi ta zubewa, har ɗaukarsa zuwa nesa ya zama asara. Sarkin da yake karɓar haraji da wuri dole ya ƙara adadi don ya sayi abin da ya saba saye, talaka kuwa ƙarin kawai yake gani. Babu wani a fadar Kano ko Zazzau da yake da iko kan abin da ake saukewa a bakin teku. A Legas ɗin nan kuma Gwamna Glover ya kafa rundunar Hausawa a 1863, da yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayen gijinsu. Daga irin wannan tushe aka gina rundunar da ta hau arewa, kuma sojojin da suka fasa ganuwar Kano 'yan Afirka ne, Turawan cikinsu 'yan kaɗan. Daular da take sayar da mutanenta ita ta samar wa abokin gaba soja. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, ayarin Tarabulus ya mutu, fata da gyaɗa suka juyo kudu, goro ya hau jirgi, iyayenmu da kakanninmu suka sauka Agege.

Ina roƙon ka, Malam Edita, ka gayyaci malaman tarihi na jami'o'inmu su yi mana rubutu daki-daki kan harajin masarautun Sakkwato kafin 1903: nawa ne kuɗin ƙasa, nawa ne jangali, me ake kai wa Sakkwato da Gwandu duk shekara, kuma nawa ke maƙalewa tsakanin dagaci da jakada da hakimi. Wasiƙun sarakunan suna nan a gidajen adana tarihi na Kaduna da Sakkwato.

Wassalam.

Mai karanta jaridarka,
Agege, Legas